Malam Datti Tafinta da Katifun Ila

Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda, haka Malam Datti yake tsayawa kowace safiya a bakin tashar Kawo. Ba ya sauka daga keken, ba ya sayen komai. Sai ya ɗan karkata kai kamar mai jiran a kira sunansa, ya bar hayaniyar tasha ta zubo masa a kunne. 'Yan kamasho suna kiran Zariya da Kano, masu ƙosai suna jayayya da masu burodi a kan inuwa, wani fasinja yana ba da labarin yadda aka yi da shi jiya a kasuwa. Minti biyar, wata rana goma. In ya ji abin da ya tsaya nema, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihun kaftani, ya lashi bakin fensir, ya rubuta kalma ɗaya, ya taka keke ya yi gaba.

Kalmomin cuta yake tarawa. Duk sunan da Bahaushe ya raɗa wa cin haƙƙin ɗan'uwansa ta hanyar dabara, tsoho ne ko sabo, na malamai ne ko na 'yan tasha, yana son ya san shi, ya san inda ya fito da ranar da ya shigo gari.

Mu maƙwabtansa a Hayin Banki mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin wata 'yar tsirfa ta mutumin da ya yi boko da yawa. Shi kuwa a wurinsa kayan aiki ne. Tafinta ne a wata kotun majistare a cikin gari, inda alƙali yake jin Turanci kawai, mafi yawan waɗanda ake kawowa kuma Hausa kawai suke ji. Tsakanin bakin nan biyu Malam Datti yake tsayawa tun ƙarfe tara har a tashi. Ya ce rabin ƙararrakin da ake shigarwa na cuta ne, kuma macuta ba sa barin kalma ta tsufa a bakinsu. Da zarar 'yan sanda sun gane ta, sai su yar da ita su ɗauki wata. Tafintan da bai bi su tasha ba, wata rana mai ƙara zai yi magana ya tsaya yana kallonsa.

A Rigachikun aka haife shi, a gidan mai awon hatsi. Mahaifinsa mutum ne da in gindin mudunsa ya ɗan lotsa, sai ya kai wa maƙeri a buga a daidaita a gaban jama'a ranar kasuwa, don kowa ya gani. A gindin buhunan dawa Datti ya fara jin kalmar tauye, kuma yadda tsohon yake furta ta, kamar yana tofar da abu mai ɗaci, bai taɓa fita daga kunnensa ba. Ya yi allo, ya yi elementare, aka tura shi makarantar Midil a Zariya. Ya shigo Kaduna yana saurayi siriri da akwatin kwano, ya yi shekara huɗu yana kwafar wasiƙu a ofis kafin a gane kunnensa ya fi hannunsa amfani.

Da yamma, in ya dawo ya yi la'asar, yakan zauna a tsakar gida ya buɗe littafin a kan gwiwa. Matarsa Turai tana tankaɗe ko tana gyaran kuɓewa, shi yana jera mata abin da ya kamo. Yana raba su gida-gida kamar mai ba da tarihin dangi. Ha'inci da algus, ya ce, da rawani suka shigo, daga littattafan Larabci, shi ya sa har yau sun fi zama a bakin masu wa'azi. Cuta kuwa 'yar gida ce, kuma sunanta ɗaya da ciwo, don wanda ya cuce ka ya bar maka abin da za ka yi jinya. Zamba ya bi ta har ya gaji bai ga iyayenta ba, ya rubuta a gefenta cewa bai sani ba. Yana alfahari da irin wannan gurbi. Ba ya ƙirƙira wa kalma asali don kawai shafi ya cika.

Wayo ita ce take ba shi tausayi. A gida yabo ce, ana cewa yaro ya yi wayo in ya fara gane mutane. Amma ta bi 'yan kasuwa kudu, ta shiga Turancin buroka, ta dawo kotu a bakin baƙi da ma'ana ɗaya tak, wato yaudara. Ya ce kamar yarinyar kirki ce ta je aikatau ta dawo da baƙin suna.

A kan jabu sun sha kai ruwa rana da rajistaran kotu. Mutane suna cewa daga sunan Ijebu ta samo, wai can aka fara buga sulallan ƙarya. Rajistara mutumin wancan yanki ne, ya ce ƙazafi ne. Malam Datti ya rubuta duka biyun, abin da ake cewa da abin da ɗan garin ya ce, ya bar su suna kallon juna a shafi.

Turai ba ta yi boko ba, amma ita kaɗai take kayar da shi.

Wata rana ya ce, "Kan-ta-waye. Kayan da suke walƙiya da yamma, kafin gari ya waye sun dushe. Daga wayewar gari ke nan."

Ta ce, "Malam, gari namiji ne. Da haka ne da kan-ya-waye za a ce."

"To wace ce ta?"

"Ni ce. Ni da Mero da duk matan layin nan. Wa ake kawo wa 'yan kunnen ƙarya har ɗaki a ce zinari ne? Kafin ta waye, mai tallan ya kai Tudun Wada."

Ya sake duba shafin. Sa'an nan ya goge nasa ya rubuta nata.

Ta ce, "Ka sa sunana."

"Littafin macuta ne, Turai."

"To bar shi."

A kotu kuwa wani mutum ne daban. Yana da ƙa'ida guda da ya riƙe shekara ashirin da biyu: bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa rage kalma ba, bai taɓa magana da bakin kansa ba. In mai laifi ya yi ashar, ashar ɗin zai kai wa alƙali a cikin Turanci mai tsabta. In ya ga marar laifi yana rikita kansa da surutu, zuciyarsa takan ƙuna, amma surutun zai juya yadda ya fito. Yakan ce tafinta indararo ne, ruwa yana bi ta cikinsa ya wuce, shi ba ya sha. Ya ga yadda aka sallami wani tafinta a gabansa saboda gyara wa ɗan garinsu magana, kuma bai ga laifin waɗanda suka sallame shi ba.

Sai ga shekarar Udoji, 1975, lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi aka biya su har da na baya. Kaduna ta cika da sababbin babura da rediyo da gadajen ƙarfe. Inda kuɗi suka zuba, macuta suka biyo su kamar ƙudaje. Littafin Malam Datti ya cika a wata huɗu, ya sayi wani. Cuwa-cuwa ta cika bakin 'yan kasuwa, wadda shi a jinsa sautin raɗa ce, irin ta mutum biyu a bayan kanti. Sojan gona, da ya fara ji yana yaro a kan masu sa kakin da ba nasu ba, ta dawo da ƙarfinta. Kalmar da ta fi kowace yawo a shekarar nan kuwa ita ce damfara. Har yara sun san ɗan damfara.

A cikin damina aka kawo Ila.

Ila mai katifa ne, dattijo mai kusan shekara sittin da biyar, yana da rumfa a Rafin Guza inda yake shiɓar auduga yana ɗinka katifu da matasai. Daga wani ƙauye ta wajen Soba ya taso, kuma shekarun birni ba su taɓa Hausarsa ba. Mai ƙararsa wani babban ma'aikaci ne, Alhaji Abdurrahim, wanda ya gama gina gida ya aiki wani dillali mai suna Rabe ya sa a yi masa katifu shida na auduga zalla. Rabe ya karɓo su daga rumfar Ila, ya kai gidan Alhaji bayan kwana biyu. Ba a yi sati uku ba katifun suka lotsa. Aka farke ɗaya, sai ga 'yar auduga shafal sama da ƙasa, cikin kuwa buntun shinkafa ne da tsummoki. Aka nemi Rabe, ya bar gari. Aka je Rafin Guza aka kama Ila, don kowace katifa tana ɗauke da alamarsa, ɗan jan zare a kusurwa.

Ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa beli. Kwanansa goma sha biyu a tsare kafin a kawo shi. In laifin ya tabbata, zai yi shekaru a gidan yari, kuma mutum mai shekarunsa ba lalle ya fito da ƙafarsa ba.

Ina cikin kotun ran nan, a bencin baya. Ruwan sama ya ɗauke ke nan, ɗakin yana warin jiƙaƙƙun riguna da tsohuwar takarda, fanka tana juyawa a hankali. Alƙalin baƙo ne, ba Bahaushe ba, mutum mai tabarau da saurin rubutu, wanda shekararsa biyu a Arewa. An jingine katifar da aka farke a jikin bango, buntu yana zubowa daga cikinta.

Aka karanta tuhuma. Malam Datti ya juya wa Ila: ana zarginka da zamba, ka sayar da buntu da sunan auduga. Ila ya ce bai yi ba.

Sai Saje mai gabatar da ƙara ya miƙe da takarda biyu a hannu. Ya ce ba sai an ɓata wa kotu lokaci ba, don wanda ake tuhuma ya riga ya amsa laifinsa a caji ofis, ya kuma dangwala yatsa. Ɗan sandan da ya ɗauki jawabin ya rubuta shi da Hausa, sa'an nan ya juya shi Turanci. Saje ya karanta na Turancin, wanda ma'anarsa ita ce: katifun nan shida ni na yi su, ni na cuce shi da hannuna, ba wanda ya taimake ni.

Alƙali ya miƙa wa Malam Datti takardar Hausar, ya ce ya karanta wa wanda ake tuhuma, ya tambaye shi ko maganarsa ce.

Malam Datti ya karanta a fili. "Katifun nan shida ni na yi su. Ni na damfara masa da hannuna, ba wanda ya taimake ni." Daga inda nake na ga ya ɗan tsaya a ƙarshen layin, idonsa ya koma baya ya sake bin sa. Sa'an nan ya ce, "Baba Ila, kai ka faɗi wannan?"

Ila ya gyara tsayuwa, ya ɗago kai karo na farko tun da aka shigo da shi. Ya ce, "Ni na faɗa. Yanzu ma na sake faɗa. Na damfara masa, na damfara masa sosai. Duk Rafin Guza ba wanda ya kai ni damfarawa, a je a tambaya."

Kotu ta ɗauki dariya. Saje ya baza hannu yana murmushi. Alƙali ya buga tebur, ya ɗaga biro yana jiran Turancin abin da aka faɗa.

Malam Datti ya yi shiru.

Shirun bai fi na numfashi uku ba, amma waɗanda suka saba da kotun sun ji shi, don mutumin nan bai taɓa barin magana ta huce a tsakanin baki biyu ba. Alƙali ya dube shi ta saman tabarau.

Abin da ya biyo baya da Turanci aka yi shi, ga shi nan yadda na ji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon izini in yi magana."

Saje ya tashi. "Tafinta ba shaida ba ne, ba kuma lauya ba ne."

Alƙali ya ce, "Gaskiya ne. Malam Datti, ka ba ni abin da ya ce kawai."

"Shi nake so in bayar, ranka ya daɗe. Na yi rantsuwa zan juya magana bisa gaskiya. Kalmar da ke kan takardar nan kalma biyu ce masu sa riga ɗaya. In na zaɓi ɗaya na miƙo ban faɗa maka akwai ɗayar ba, to ni na yanke hukuncin, ba kai ba."

Alƙali ya ajiye biro. Ya ce yana da minti biyar.

Malam Datti ya furta kalmar sau biyu a hankali. A ta farko muryarsa ta faro daga ƙasa ta hau ta sauko. A ta biyu ta faro daga sama ta sauka ta sake hawa. Ya ce ta farkon ita ce ta macuta, wadda duk Kaduna take yayi bana. Ta biyun kuwa ta masu aikin hannu ce: a danna abu, a cusa shi, a matse shi har ya zama ba sauran wuri. Kunne yana raba su, takarda ba ta da kunne. Amma ko a takarda akwai sawu. Mai cuta mutum yake damfara, sai ya ce na damfare shi. Mai cusa auduga abu yake damfarawa, sai ya ce na damfara masa. Tsohon nan na damfara masa ya ce, ɗan sandan ma haka ya rubuta.

Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata goma sha huɗu a barikin Kaduna, Hausa nake ji kamar ruwa. Damfara damfara ce. Ban taɓa jin wata ba."

Malam Datti ya ce, "Ba mamaki, Saje. Masu wancan ɗin ne ake kawo muku ofis. Masu wannan suna rumfa suna aiki."

Aka sake dariya, wannan karon a hankali. Alƙali bai yi ba. Ya ce ba zai karɓi maganar tafinta ita kaɗai a kan maganar 'yan sanda ba, kuma ba shi da ƙamus a teburinsa. Da me zai gane?

Malam Datti ya ce, "Kada a karɓi tawa. Mai ƙara Bahaushe ne, yana cikin rantsuwa, kuma shi aka cuta, ba shi da dalilin taimakon wanda yake ƙara. A tambaye shi."

Aka tsayar da Alhaji Abdurrahim. Mutum ne mai ƙiba da farar babbar riga, ransa a ɓace tun safe, don mahaifiyarsa ce ta yi kusan sati uku tana kwana a kan buntu. Alƙali da kansa ya tsara tambayar, Malam Datti ya juya ta: in mace tana shirin tafiya, kaya sun fi akwati yawa, ta hau kai da gwiwa ta danna su har murfi ya rufu, me ake cewa ta yi?

Alhaji ya waiwaya. Ya dubi Ila, ya dubi katifar da ke jingine. Yana jin Turanci sarai, ya ji duk abin da aka yi, ya kuma san inda amsarsa za ta kai shari'arsa.

Ya ce, "Ta damfara su." Ya ƙara da cewa, "Haka Hajiyarmu take cewa. Wallahi na manta da ita, sai yanzu."

Alƙali ya rubuta. Sa'an nan ya ce a tambayi wanda ake tuhuma ya nuna abin da yake nufi, ban da magana.

Ila ya naɗe hannun riga. Ya riƙe bakin wani buhu da babu shi da hannun hagu, ya dunƙule dama ya tura ta ciki har kafaɗa, ya danna, ya juya dunƙulen ya sake dannawa a kusurwa, ya zaro, ya ɗebo wata audugar daga iska ya mayar. Jijiyoyin damtsensa suka tashi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta rumfar mai katifa ya san wannan motsi. Ba wanda ya yi dariya.

Alƙali ya ce da Malam Datti, "Wacce ta girmi wacce?"

"Ba ni da takardar haihuwarsu, ranka ya daɗe. A ganina dai ta hannun ce babba. Ina jin mutane sun ga yadda macuci yake manne wa mutum, yana cusa masa magana har ya rasa wurin yin tunani, sai suka ara masa kalmar masu aiki. Ta yi sana'ar halal shekaru da yawa kafin ta shigo birni. Wannan zato ne nawa, kada a rubuta shi a matsayin shaida."

"To yanzu ba ni Turancin abin da ya ce."

Malam Datti ya miƙe sosai, ya koma muryarsa ta kullum, wadda ba ta da ɓangare. Ya ba da maganar Ila duka: ni na cusa masa audugar, na cusa ta sosai, duk Rafin Guza ba wanda ya kai ni cika katifa, a je a tambaya.

Da amsa laifin ta faɗi, sai aka ga ba abin da ya rage wa ƙarar sai katifar kanta, wadda ba wanda ya damu ya duba, tun da an ɗauka wanda ya ɗinka ta ya riga ya amsa. Alƙali ya sa aka kwantar da ita a gaban tebur, ya ba Ila izini ya fito daga akwatin tuhuma. Tsohon ya durƙusa, ya bi gefenta da yatsa kamar makaho mai karatu. Gefe uku ya ce nasa ne, ya nuna ƙullin da yake yi bayan kowane taku biyar na basilla, da zaren da yake murzawa da kansa. A gefe na huɗu ya tsaya.

Ya ce, "Wannan ba ɗinki ba ne, tsalle-tsalle ne. Zaren kanti ne ma. An farke nan an kwashe audugata an mayar da shara. Malam, gaya wa mai shari'a ko a mafarki ba na irin wannan aiki."

Malam Datti ya gaya masa, har da mafarkin.

Alƙali ya sauko ya duba da kansa, ya kira Alhaji ya duba. Alhaji ya ce lalle ɗinki biyu ne, kuma gaskiya katifun sun kwana biyu a hannun Rabe. Saje ya juya takardunsa, ya ce ba shi da wani shaida. Alƙali ya koma kujera ya yi rubutu mai tsawo, sa'an nan ya karanta hukunci.

Malam Datti ya juya ya ce, "Baba Ila, kotu ta sallame ka."

Ila bai motsa ba. Ya ce, "Malam, sakina aka yi, ko wanke ni aka yi? In saki ne kawai, gara a mayar da ni. Ba mai sake kawo mini yadi a Rafin Guza."

Malam Datti ya san amsar, don ya ji hukuncin, kuma ya san shi ne ya gaggauta ya ba da rabinsa. Amma bai amsa da bakinsa ba. Ya juya ya miƙa wa alƙali tambayar yadda take. Alƙali ya maimaita kalmomi biyu na ƙarshen hukuncin, yana ɗaga murya a kan ta biyun.

"An sallame ka, an kuma wanke ka. Ba ka da laifi. Haka aka rubuta, kuma za a ba ka takarda in kana so."

"Ina so. A rubuta da manyan baƙi."

Alƙali ya tattara takardunsa zai tashi, sai ya tsaya. Ya ce, "Malam Datti, yau ka yi magana da bakinka a kotuna."

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Zan sa a rubuce cewa da izinina ka yi. Kada ya zama al'ada."

"Sau ɗaya ke nan cikin shekara ashirin da biyu. Ba na jin zan kai ga na biyu."

Aka tashi kotu. Mutane suka yi ca a kan katifar, kowa yana son ya ga gefe na huɗu da idonsa. Alhaji Abdurrahim ya ratsa su ya iso gaban Ila, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Kwana goma sha biyu ba wasa ba ne."

"Ya wuce, Alhaji. Kai ma cutarka aka yi."

"To katifun nan fa? Tsohuwa tana kwana a tabarma."

Ila ya dube shi sama da ƙasa. "Sai dai ka kawo su da kanka, ka zauna a rumfa kana kallo."

"Zan zo. Ka damfara mini su yadda ka iya."

Saje, wanda yake ɗaure fayil a gefe, ya girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa, yana gwada furta kalmar da muryar sama. Ila ya waiwaya yana neman tafinta don ya yi masa godiya. Malam Datti ya riga ya mayar wa rajistara takardar jawabin, ya gyara zaman hularsa. Ya ɗaga wa tsohon hannu daga nesa, ya bi ta bayan benci inda ba cunkoso, ya fita ta ƙofar gefe.